Wa Ya Kawo Abincin? Baƙaƙen Fata Masu Nakasa a Tarihin Amurka

(Taken shiri)

Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu tsallaka teku mu je Amurka, wurin wasu mutane da suka haɗa abu biyu a jiki ɗaya: baƙar fata da nakasa.

Kafin mu yi nisa, bari in share hanya a kan kalma. Na san a gidajen rediyo yanzu an fi son a ce "masu buƙata ta musamman", kuma ba na ƙin wannan ladabi. Amma yau zan riƙa cewa "masu nakasa", domin 'yan gwagwarmayar da za mu yi zancensu ba sa jin kunyar kalmar a harshensu. Abin da suke ƙorafi a kai shi ne matakalar da aka gina a ƙofar asibiti, da alƙalin da ya yanke wa kurma hukunci ba tafinta.

Wataƙila wasunku sun taɓa jin sunan Harriet Tubman. Baiwa ce da aka haifa a jihar Maryland wajajen 1822. Ta gudu daga bauta a 1849, ta isa tudun mun tsira, sannan ta yi abin da ba kowa zai yi ba: ta riƙa komawa. Sau kusan 13 tana komawa cikin dare, ta fito da mutum kusan 70, har jama'arta suka yi mata laƙabi da Musa, don tunawa da Annabi Musa alaihissalam da ya fitar da mutanensa daga Masar. A 1863, lokacin yaƙin basasa, ta yi wa sojoji jagora a kogin Combahee, aka 'yanto bayi sama da 700 a tashi ɗaya. Duk ɗan makarantar Amurka ya san wannan.

Ga abin da littafin makaranta kan tsallake. Tana 'yar budurwa, wani mai tsaron bayi, irin wanda a da muke kira sarkin gandu, ya ɗauki ƙarfen awo mai nauyin kusan kilo ɗaya a wani kanti, ya jefi wani bawa da ke ƙoƙarin gudu. Jifan ya kuskure, ya sami Harriet a ka. Ba a kira mata likita ba, bayan kwana biyu aka mayar da ita gona. Tun daga ranar har ta rasu a 1913 tana fama da matsanancin ciwon kai, da wani irin barci da kan sace ta ba shiri, tana tsakiyar magana sai ta ɓingire. Masana na yau da dama suna ganin nau'in farfaɗiya ce. To ku auna: mace tana jan ayarin bayi cikin daji, karnuka da masu bindiga na biye da su, alhali ta san a kowane lokaci jikinta na iya ɗauke ta. A haka ta yi duk aikin da ake yabonta a kai.

Haka labarin Fannie Lou Hamer yake, matar da ta tsaya gaban babban taron jam'iyyar Democrat a 1964 ta faɗa wa Amurka yadda ake hana baƙaƙe ƙuri'a a Mississippi. Shan inna ya taɓa ta tun tana yarinya, tana ɗingishi. A 1961 likita ya cire mata mahaifa ba da saninta ba. A 1963 aka lakaɗa mata duka a gidan yarin Winona, dukan da ya bar mata lahani a ƙoda da ido har ƙarshen rayuwarta. Ana tuna muryarta, jikin da ya ɗauki muryar kuwa an bar shi a baya.

Me ya sa ake wannan tsallake? A ganina dalilin yana komawa kasuwar bayi. A can, lafiyar jiki ita ce farashi: a duba haƙora, a matsa dantse, mai lahani a karya kuɗinsa. Sai kuma aka zo ana amfani da sunan cuta don kare bautar kanta. A 1851 wani likita a jihar Louisiana mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa gudun da bayi ke yi daga iyayengijinsu taɓin hankali ne, har ya raɗa wa cutar suna. Mutanen da aka shafe ƙarni ana ce musu tawayayyu ne a jiki da ƙwaƙwalwa, da suka tashi neman 'yanci, ba mamaki su so nuna wa duniya ƙarfinsu kaɗai. Na fahimci uzurin. Sai dai wanda ya biya kuɗin wannan uzuri shi ne gurgun cikinsu da kurman cikinsu, wanda a taron baƙaƙe ba a zancen kekensa, a taron masu nakasa kuma ba a zancen fatarsa. Rana zafi, inuwa ƙuna.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ga labarin yara biyu. Dukansu baƙaƙe, dukansu kurame, dukansu 'yan jihohin kudancin ƙasar Amurka a zamanin wariya, lokacin da ko makarantar kurame sai an raba ta biyu, ta farare daban, ta baƙaƙe daban. Wannan rabuwa ta daɗe har maganar hannu ta baƙaƙen kurame ta zama karin harshe mai zaman kansa, kamar yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci.

Na farko shi ne Junius Wilson, haifaffen 1908 a North Carolina. Ya yi makarantar baƙaƙen kurame da ke Raleigh, ya koyi maganar hannu irin ta wannan makaranta, wadda ko 'yan gidansu ba su iya ba. A 1925, yana da shekara 17, aka zarge shi da yunƙurin fyaɗe. Aka kai shi gaban hukuma ba wanda ke jin harshensa. Ana tambayarsa, yana motsa hannu, su kuwa suka ga motsin hannun a matsayin hauka. Ba a taɓa tabbatar da laifin ba. Aka tura shi asibitin mahaukata na baƙaƙe da ke Goldsboro, a can kuma aka fiɗiye shi a ƙarƙashin dokar jihar ta hana wasu mutane haihuwa. Ku yi mini afuwa da kalmar, amma abin da aka yi ke nan. Sai a farkon shekarun 1990 wani ma'aikacin jin daɗin jama'a ya bincika takardunsa ya gane cewa dattijon nan kurma ne kawai, hankalinsa lafiya lau. A 1994 aka fitar da shi daga ɗakin da ake kulle marasa lafiya, aka ba shi ɗan gida a harabar asibitin, domin bayan shekara kusan 70 ina kuma zai je? A nan ya rasu a 2001.

Na kan tambayi kaina: da a ce farar fata ne, za a jefa shi haka ba bincike? Da a ce baƙi ne mai ji, ai ko ba komai da ya buɗe baki ya ce bai aikata ba. Haɗuwar biyun ce ta rufe masa kowace ƙofa.

Na biyu shi ne Andrew Foster, haifaffen 1925 a jihar Alabama. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi, wannan dai sanƙarau da muke fargaba duk bazara, ya tashi ba ya ji. Shi ma makarantar baƙaƙen kurame ya yi, a garin Talladega. Ya yi ta fafutukar ƙarin karatu har ya sami shiga kwalejin Gallaudet da ke Washington, babbar makarantar kurame ta ƙasar, ya kammala digiri a 1954, baƙar fata na farko da ya yi hakan a can. Ɗan mishan ne, kuma aikin mishan ya kawo shi Afirka a 1957. Ya fara buɗe makarantar kurame a Accra ta Ghana, ya zo Ibadan a 1960, daga nan ya bazu. Kafin hatsarin jirgin sama ya yi ajalinsa a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantun kurame fiye da 30 a ƙasashen Afirka 13.

A nan labarin ya taɓa mu kai tsaye. Maganar hannu da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya da Ghana, wadda kuke gani tafinta na yi a gefen allon talabijin, tushenta ta Amurka ce, kuma ta hannun wannan mutum ta shigo. Kada dai a ɗauka kafin zuwansa kuramenmu ba su da harshe. A Kano da kewaye akwai maganar hannu ta Hausawa tun kaka da kakanni, wadda kurma ke ciniki da ita a kasuwa, kuma masana harshe sun yi nazarinta. Amma allo da aji da takardar shaida, Foster yana da babban hannu a ciki. Ku tambayi malaman kurame, da wuya ku sami wanda bai san shi ba. Ku tambayi sauran jama'a, ko sunan ba su taɓa ji ba.

(Kiɗa)

Idan yanzu kuka kama tasharmu, muna magana ne a kan baƙaƙen fata masu nakasa a tarihin Amurka. Yanzu kuma ga labarin da ya ba shirin yau suna.

A 1973 majalisar Amurka ta yi wata doka a kan masu nakasa. Cikinta akwai ɗan gajeren sashe, sashe na 504, da ke cewa duk makaranta ko asibiti ko ma'aikatar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware mutum saboda nakasarsa. Ku lura da wani abu: an ɗauko lafazin sashen ne daga dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda baƙaƙe suka samo da jini da gumi. Wato tun daga tushe, wannan doka 'yar waccan ce.

To amma doka ba ta aiki sai minista ya sa hannu a ƙa'idojin aiwatar da ita. Shekara huɗu ana jan ƙafa. Jami'o'i da asibitoci na kukan cewa gyaran gine-gine zai ci kuɗi. Gwamnatin Jimmy Carter ta hau a 1977, ministan lafiya da ilimi da walwala, Joseph Califano, shi ma ya ce sai ya sake dubawa. Masu nakasa suka ce tura ta kai bango. Ranar 5 ga Afrilu, 1977, suka mamaye ofisoshin ma'aikatar a birane da dama. A yawancin wuraren, kwana ɗaya ko biyu aka watse, yunwa ta kore su. A San Francisco kuwa mutum sama da ɗari suka hau bene na huɗu na ginin gwamnatin tarayya, a ƙarƙashin jagorancin su Judy Heumann da Kitty Cone, suka yi zaman dirshan.

Ku kwatanta wurin a ranku. Makafi, kurame, masu keken guragu, wasu ba sa iya juyawa a kwance sai an juya su, ga su a kan daɓen ofis. Hukuma ta yanke wayar tarho, ta yanke ruwan zafi. Sai kuramen cikin suka zama su ne tarho: su tsaya a taga su yi magana da hannu, 'yan uwansu da ke ƙasa su karɓa su isar wa 'yan jarida. Masu maganin da ke buƙatar sanyi kuma aka haɗa musu firji da kwali da na'urar sanyaya ɗaki. Dabara kam akwai. Amma Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wa zai ciyar da mutum ɗari da ɗoriya kullum, a ginin da masu gadi suka tsare ƙofarsa?

Cikin masu zaman akwai wani saurayi baƙar fata mai suna Brad Lomax. An haife shi a Philadelphia a 1950. Yana ɗan jami'a wata cuta mai lalata jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, ta fara cin ƙarfinsa har ta zaunar da shi a keke. Ɗan jam'iyyar Black Panther ne, wato Baƙar Damisa, wadda Huey Newton da Bobby Seale suka kafa a Oakland a 1966. Da ya koma Oakland da zama, sai ya ga ko motar bas ba zai iya shiga ba sai an ciccibe shi daga kan keke kamar buhu. Wannan ya sa a 1975 ya haɗa kai da cibiyar masu nakasa ta Berkeley, wadda galibin masu tafiyar da ita farare ne, aka buɗe irinta a gabashin Oakland, unguwar baƙaƙe.

Lomax ya shiga zaman dirshan tare da abokinsa Chuck Jackson, shi ma ɗan jam'iyyar, wanda ke kula da shi. Ganin nasu na ciki, sai 'yan Baƙar Damisa suka ɗora tukunya. Girki ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin tun 1969 suke ba yaran talakawa karin kumallo kyauta kafin su tafi makaranta, suna kuma da ɗakunan shan magani inda suke gwajin amosanin jini, cutar sikila da mu ma muka sani farin sani. Kullum sai sun tsallako daga Oakland da abinci mai zafi, kuma ba Lomax kaɗai suke kawo wa ba, kowa da kowa ne. Ba zan ce muku waliyyai ba ne. Jam'iyya ce mai ɗaukar bindiga, tana da rigingimunta na cikin gida, hukuma kuma ta sa ta a gaba. Amma a wannan wata, su ne suka riƙe cikin mutanen nan. Wasu ma sun taimaka, har da coci-coci da ƙungiyar ƙwadago ta makanikai da magajin garin, George Moscone, wanda ya aika da katifu. Duk da haka, waɗanda suka kwana a ginin sun sha faɗa cewa ba don wannan abinci ba, da zaman ya watse kamar na sauran birane.

Da aka zaɓi tawagar da za ta je Washington ta matsa wa minista lamba, Lomax da Jackson na ciki. Ranar 28 ga Afrilu Califano ya sa hannu. Zaman ya kai kusan mako huɗu. A kan wannan tubali aka gina babbar dokar Amurkawa masu nakasa da shugaba George Bush uba ya rattaba wa hannu a 1990.

Brad Lomax bai ga wannan rana ba. Ya rasu a 1984 yana da shekara 33. Jaridar New York Times ba ta rubuta ta'aziyyarsa ba sai a 2020, a wani shafi da ta ware wa mutanen da ta yi sakaci da su a lokacin rasuwarsu. Shekara 36 ke nan.

(Kiɗa)

Doka ta samu, to shi ke nan? Wajajen 2005 wasu masu nakasa a yankin San Francisco, cikinsu akwai Patty Berne da Leroy Moore da suka kafa ƙungiyar wasan dandali mai suna Sins Invalid, suka ce da sauran rina a kaba. Suka fito da abin da suka kira adalci ga masu nakasa, suka bambanta shi da haƙƙin masu nakasa. Hujjarsu mai sauƙi ce. Haƙƙi a takarda yake, mai lauya da kuɗi da ilimi shi ke iya karɓo shi. Wanda ke kurkuku fa, ko wanda ba shi da muhalli, ko baƙon da ba shi da takardun zama? An gyara ƙofar banki keke na shiga, madalla, amma mai keken ba shi da ko sisi a ciki. Suka ce wanda abin ya fi ci a jiki shi ya kamata ya ja ragamar tafiyar, ba a yi taro a kansa yana waje ba.

Inda wannan magana ta fi zafi shi ne haɗuwa da 'yan sanda. A unguwar Bronx ta birnin New York, inda 'yan uwanmu da yawa daga Ghana da Nijar ke zaune, an yi abu iri ɗaya sau biyu. A 1984 'yan sanda suka je fitar da wata dattijuwa, Eleanor Bumpurs, daga gidan haya saboda bashin kuɗin haya. Tana da taɓin hankali. Suka ce ta ɗauko wuƙa, aka harbe ta. A 2016 aka kira 'yan sanda gidan Deborah Danner, ita ma mai fama da ciwon ƙwaƙwalwa. Aka ce ta ɗaga sanda, aka harbe ta. Dukansu baƙaƙe, dukansu 'yan shekara 66, dukansu a cikin ɗakunansu, kuma a duka biyun kotu ta wanke wanda ya yi harbin. Shi ya sa masu wannan fafutuka ke neman idan mutum ya rikice a turo ma'aikacin lafiya tun kafin mai bindiga. Tun 2022 akwai lambar waya ta 988 a faɗin Amurka don irin wannan larura. 'Yan uwa da ke sauraronmu daga can ta intanet, musamman mai ɗa ko ƙane da ba ya magana ko ba ya ji, ku riƙe lambar. Ɗan sanda ba ya tambaya ko daga zangon Kumasi ka zo ko daga Alabama kafin ya yanke shawara a kanka.

Saura mace ɗaya, lokaci na ƙure mana. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wani hukunci da ya canza rayuwar dubban mutane. Ta ce tsare mai nakasa a gidan kulle alhali likitoci sun tabbatar zai iya zama cikin jama'a, wariya ce da doka ta hana. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ce ta rubuta hukuncin. Wadda ta fara shigar da ƙarar baƙar fata ce 'yar jihar Georgia, mai larurar ƙwaƙwalwa, wadda tun tana yarinya ake shiga da fita da ita a irin waɗannan gidaje. Ita ce ta yi ta buga wa wata lauya waya daga asibiti tana tambayar yaushe za a fitar da ita. Daga baya wata mata, Elaine Wilson, ta shiga ƙarar tare da ita. Bayan ta fito ta kama zane-zane, tana sayarwa, har a 2011 ta shiga fadar White House ta miƙa wa shugaba Barack Obama ɗaya daga cikin zanenta. Ta rasu a 2022.

Duk lauya da ɗalibin shari'a a Amurka yana kiran wannan hukunci da suna Olmstead. Olmstead kuwa sunan kwamishinan jihar ne, wato wanda aka kai ƙara. Ita mai ƙarar, a takardun kotu haruffa biyu kawai aka rubuta mata, L da C. Sunanta Lois Curtis.

A nan za mu dasa aya.

(Taken rufewa)